Ni Ce Ta Shida

Na san abin da aka faɗa muku, domin ni ma an faɗe shi a kunnena, ba sau ɗaya ba. An ce uwarku ta bar bikin 'yar aminiyarta ta tafi wasan yara da Turawa. Gaskiya ne na tafi, ban ɗauki biro don in musanta ba. Amma sauran labarin ba wanda ya ba ku, kuma tunda gwiwoyina sun zaunar da ni yanzu, zan rubuta shi yadda ya faru. Kai babban, wanda har yau bakina ba ya iya kiran sunanka, lokacin kana jami'a a wani gari, abin da ka sani na waya ne kawai. Ke kuma Fa'iza kina gida, idonki ya ga wasu abubuwa, sai dai kina cikin shekarun da duk motsin uwa abin kunya ne.

A shekarar ina da arba'in da shida, na kuma shekara goma sha ɗaya ina tuƙa bas ɗin gari. Kullum daga tashar da ke tsakiyar Greensboro, a nan Amurka, nake tashi, in kewaya, in dawo, in sake kewayawa, bayana manne da kujera har sai ya daina jin kansa. Likita ta duba jinina ta ce sukari ya fara hawa, in ban motsa jiki ba za a ɗora ni a kan magani har ƙarshen raina. Na gwada tafiyar ƙasa a unguwa, na gaji da haushin karnukan mutane. Na gwada jim, gidan motsa jiki, na ga ina gudu a kan inji ina kallon bango kamar wadda aka yi wa horo. Sai Tanya, wata baƙar fatar ƙasar nan da muke shif ɗaya, ta ce in raka ta wani ɗakin wasanni ranar Talata da yamma. Ba ta gaya mini abin da ake yi ba. Da ta gaya mini da ban je ba.

Wasan shi ne dojbol, ni kuwa ƙwallon kauce nake ce masa. Mutum shida nan, shida can, layi a tsakiya, an jera ƙwallayen soso a kan layin. Ana hura usur kowa ya ruga ya wawuro. Wanda aka jefa ta same shi ya fita. Wanda ya cafe ƙwallon da aka jefo masa ya fitar da mai jifan, ya kuma dawo da ɗan'uwansa guda daga waje. Ina tsaye a bakin ƙofa da doguwar rigata ina kallo, sai na ga ai wannan na san shi. Muna yara a Fagge mun yi irinsa, a sa yarinya a tsakiya tana ɗura yashi a kwalba, biyu suna jifan ta da ƙwallon tsumma. Ba a taɓa samuna da wuri ba. Na ɗaure gyalena, na shiga da safa, ranar na fitar da mata huɗu, ɗaya daga cikinsu 'yar sanda ce. Na dawo gida kafaɗata tana zogi, ina dariya ni kaɗai a mota.

Wata uku muna yin abinmu na nishaɗi kafin Tanya ta zo da takardu. Ta ce akwai gasa ta ƙasa baki ɗaya, ba ta unguwa ba, kuma tana so mu kafa tim ta mata mu shiga. A ɗakin hutun direbobi ta shimfiɗa mini tsarin a kan tebur, tana zana taswira da bayan cokali. An raba ƙasar shiyya-shiyya, mu muna ta kudu. Kowace shiyya tana da zagaye-zagaye a shekara, kowanne a gari daban, kowanne yini guda. Akwai rukunin maza, akwai na mata, akwai na gauraye, kuma masu ƙwallon soso daban suke da masu ƙwallon ƙyalle. Da safe kowace tim tana karawa da sauran da ke rukuninta don a jera su daga mai ƙarfi zuwa mai rauni, da rana kuma a koma wanda aka ci ya tafi gida. Inda kuka tsaya shi ne makinku. A ƙarshen shekara a haɗa maki, masu yawa su ne ake kira babbar gasa ta ƙasa. Babu mai albashi a cikinmu, har alƙalancin wasa 'yan wasa ne ke yi wa juna, in kuna hutu ku ɗauki usur ku tsaya wa wasu. Sai ta ɗora yatsa a kan layi ɗaya ta ce in karanta da kaina. Kyaftin tana miƙa sunayen 'yan tim ɗinta kafin zagayen farko, daga nan an rufe, ba ƙari. Kuma a dokar lokacin, tim ɗin da ba ta cika shida a fili ba ana rubuta mata ba ta zo ba, makin ranar ya tafi.

Mu takwas muka sa hannu. Tanya da ƙawayenta huɗu, sai ni, sai Binta da Zulai, matan mutanenmu biyu da na jawo saboda su ma likita ya yi musu irin maganar da aka yi mini. Na tambayi mahaifinku kafin in sa hannu, ku rubuta wannan ku ajiye, domin an ce ban tambaye shi ba. Yana cin tuwo ya ɗago ya dube ni.

"Maza a ciki?"

"Rukunin mata ne, Malam. Dogon wando, riga mai dogon hannu, hijabin wasa."

"To, Allah ya sa a ci. Kada dai ki karye ki bar ni da girki."

Zagaye biyu muka buga lafiya. Na farko an yi mana dukan da sai da Zulai ta yi kuka a banɗaki. Na biyu muka ci wasa uku, muka dawo muna ihu a mota kamar waɗanda suka ɗauko kofi. A nan ne wani ya ɗauki hotonmu ya sa a shafin gasar, hoton kuma ya faɗo cikin gurup ɗin matan al'ummarmu. Ina cikin iska, ƙafa ɗaya sama, baki buɗe, ƙwallo a hannu. Na yarda ba hoton da za a rataye a falo ba ne. Kafin magariba saƙonni sun fi ƙarfin waya. Wata ta ce uwar 'ya'ya manya, wata ta ce abin da zaman Amurka ke jawowa ke nan, wata ta turo wa'azi. Ba wadda ta ce jikina a waje yake, domin ba a waje yake ba. Abin da ya dame su shi ne an ga mace mai shekaruna tana jin daɗi a fili. Sati bai cika ba mijin Binta ya ce ta zauna. Zulai ba wanda ya hana ta, ita ce ta kira ni tana inda-inda, ta ce ba za ta iya jure kallon da ake mata a Islamiyyar Lahadi ba. Muka koma shida cif. Ni ce ta shida.

Yanzu sai in gaya muku wace ce Hajiya Mariama a wurina, domin ku Anti kawai kuka sani, mai ba ku alewa. 'Yar Damagaram ce, ta riga ni zuwa garin nan da shekara huɗu. Ita ta tarye ni ina sabuwar zuwa, ban san yadda ake kunna murhun gidan ba. Ita ta kai ni asibiti ranar haihuwarki Fa'iza, mahaifinku yana wurin aiki, ita ta riƙe hannuna har kika faɗo. Shekara ashirin ba a yi suna ko biki a cikin mutanenmu ba face an gan mu a bakin tukunya ɗaya, ita a kan miya, ni a kan masa da shinkafa. Lokacin surutun hoto ba ta sa baki a gurup ba. Gida ta zo, ta zauna a kicin ɗina, ta ce da ɗan Faransancinta, "Hajara, bon, kin yi, kin ji daɗi, ya isa haka." Na yi dariya na zuba mata shayi. Na ɗauka maganar ta ƙare.

Ana nan aka tsayar da auren 'yarta Ramatu. Tun ranar da aka kawo kayan sa rana na kai mata takardar gasar, na nuna mata Asabar ɗaya tak da na yi wa zobe da jan biro, zagayen ƙarshe na shiyyarmu a jihar Virginia. Na ce, Hajiya, duk Asabar ɗin duniya taki ce ban da wannan. Ta karɓa, ta duba, ta ce ta ji. Bayan sati biyu katin biki ya fito, walima a wani babban zaure can wajen Sedgefield, ranar da na yi wa zobe. Na tuƙa mota har gidanta a Pleasant Garden da yunifom ɗin aiki a jikina. Na same ta a tsakar falo tana ware atamfofin anko.

"Hajiya, ranar nan ce fa na nuna miki."

"Zauren ranar kaɗai yake da fili."

"Na kira su. Suna da Asabar ta gaba."

Ta ajiye atamfar, ta dube ni ido cikin ido, ba ta ko ji kunyar kamun da na yi mata ba.

"Voilà. To, na zaɓa. Ina so in cire ki daga abin nan kafin ki gama zubar da kanki. Kin san ba za ki bar bikin Ramatu ba. In kin rasa ranar, an gama, ki dawo cikin mutane. Taimakonki nake yi."

"Mata biyar sun shekara suna atisaye. In ban je ba, an rubuta musu ba su zo ba."

"Su waye su? Su ne za su wanke ki ranar da kika mutu?"

Da a ce kuskure ne, da zauren ne ba fili, wallahi da na je na durƙusa wa Tanya na ba ta haƙuri. Amma wannan igiya ce aka saka mini, aka kuma ɗaura ta da yarinyar da na goya. Na ce mata, "Hajiya, abincin bikin Ramatu ni zan dafa, kamar yadda na yi alkawari. Ɗaurin aure ranar Juma'a ina nan. Asabar kuwa ina da alkawarin da ya riga naki." Ta ce in na taka ƙafata na bar garin ranar, kada in ƙara taka gidanta. Na ce Allah ya huci zuciyarta, na fito.

Mahaifinku ya sha nasa a masallaci. Dattawa uku suka tare shi bayan sallar Juma'a, suka ce ya tsawata wa iyalinsa. Ya dawo ya zauna a bakin gado ya ce, "Hajara, abin nan zai yi miki tsada. Kin sani?" Na ce na sani. Ya ce, "Kin ba wa matan nan kalmarki?" Na ce na ba su, da sa hannu. Ya ce, "To, ba ni da abin cewa." Ke kuma Fa'iza kika tsaya a ƙofar ɗaki kika yi mini ruwan Turanci, kina kuka, kina cewa na kunyata ki, ƙawayenki duk suna cikin 'yan matan amarya, me za ki ce musu. Na ce ki ce musu uwarki tana Virginia tana jifan mutane. Kika buga ƙofa. Ban riƙe ki da wannan ba, na faɗa ne don labarin ya cika.

Na ɗauki hutun kwana biyu a wurin aiki. Ranar Alhamis na jiƙa shinkafar masa, na yi cefane, na gyara kaji. Ranar Juma'a na je ɗaurin aure da ankona, na rungumi Ramatu, na sa mata albarka, uwarta ta kau da kai. Daga nan na wuce kicin ɗina, tanda biyu a kan wuta, na soya masa har yatsuna suka tashi, na dafa shinkafa tukunya huɗu, na yi miyar taushe da hannuna duk da cewa aikinta ne. Na jera komai a manyan farantan gwangwani, na liƙa takarda a kan kowanne, yadda za a ɗumama da lokacin da za a fito da shi. Duk wanda ya ci abinci a walimar nan ya lashe hannu yana zagina, abincina ya ci. Ranar Asabar bayan sallar asuba mahaifinku ya loda farantan a motarsa, ya fara sauke ni a bakin tashar bas inda Tanya ke jira da doguwar mota, sannan ya wuce da abincin. Da zan sauka ya ce, "Ki cafe da ƙirji, ba da yatsa ba." Ashe yana sauraron duk surutun da nake yi a gida.

Tafiyar awa uku ce. Ba wadda ta yi mini maganar biki, Tanya ta riga ta gargaɗe su. Zauren wasan makaranta ne babba, an raba shi fili-fili da tef, ƙarar takalma da usur ta cika ko'ina. Da safe muka ci biyu aka ci mu biyu, muka tsaya wa wasu alƙalanci sau ɗaya, na yi sallar azahar a lungun da ake ajiye katifun motsa jiki. Da rana muka fitar da tim ta farko da ƙyar. Ta biyu 'yan mata ne 'yan jami'a, dogaye, ba wadda ta kai rabin shekaruna. Lissafin Tanya ya nuna in muka wuce su makinmu ya isa, ko da an ci mu a gaba. Aka yi kunnen doki, aka shiga zubin ƙarshe. Ɗaya bayan ɗaya aka fitar da 'yan'uwana, na waiga na ga ni kaɗai ce, su kuma biyu, kowacce da ƙwallo. Na ji suna ƙirga wa juna don su jefo tare. Na kauce wa ta hagu, ta dama kuwa na tare ta, ba da ƙirji ba, da yatsa, na ji ƙaramin ya yi ƙas. Ban sake ta ba. Mai jifan ta fita, Tanya ta faɗo fili da gudu, ta ɗauki ƙwallo ta gama da ta ƙarshen. Wannan shi ne karkataccen yatsan da jikokina ke wasa da shi. Wasa na gaba aka lallasa mu, ina jifa da hagu, yatsana ɗaure da tef, ban damu ba.

Mun je babbar gasar ƙasa a shekarar. Wasa ɗaya muka ci a cikin kwana biyu, ba zan ƙara masa gishiri ba. Amma na tsaya a layi da mata daga kowace kusurwa ta ƙasar nan, aka kira sunan garinmu, aka kira sunana, mai sanarwa ya murɗe shi yadda ya iya. Sukarina ya sauka, ban taɓa shan maganin ba sai bara. Na buga shekara shida, na yi alƙalanci huɗu, na zauna a taron kyaftin-kyaftin na shiyya inda ake ɗaga hannu kan dokoki, kuma hannuna yana cikin waɗanda suka sa aka yarda tim ta ƙara suna a tsakiyar shekara in wasu sun janye.

Tsadar kuwa ta zo kamar yadda mahaifinku ya faɗa. An cire ni daga shugabancin girki na ƙungiyar mata ba tare da an kira ni ba. Katunan biki suka riƙa zuwa da sunansa shi kaɗai. Wannan duk bai hana ni barci ba. Abin da ya ci ni shi ne Hajiya Mariama. Shekara tara muna haɗuwa a sallar idi, in gaishe ta, ta amsa da ka. Sau biyu na je Pleasant Garden, sau biyu aka ce tana barci, ga motarta a waje, ga labulen falo yana motsi. Na so ta ce ta yi kuskure, ta so in ce na yi nadama, ba wadda ta iya a cikinmu. Ni ban yi nadama ba, kuma ba zan yi mata ƙarya ba ko don in dawo da ita.

Ranar da ta rasu ina hanya da fasinjoji. Na dawo tasha na ga kiran Ramatu har sau biyar. Na kira, ta ce, "Anti, Mama ta tafi da hantsi." Na zauna a kan matakalar bas. Ta ce, "Ta bar magana. Ta ce kada kowa ya taɓa ta sai kin zo. Ke za ki wanke ta."

Na je da yunifom ɗina. Matan da suka shekara tara suna kau da kai suka matsa suka ba ni hanya. Na naɗe hannun riga, na gwada ɗumin ruwan a bayan hannuna domin ba ta son ruwa mai sanyi, na fara da damanta. Na tsefe mata kai, na kitsa shi gida uku. Ina yi ina mata faɗa a hankali, yadda ba mai ji sai ita. Na ce, Hajiya, shekara tara kika cinye mana a kan Asabar ɗaya. Na yafe miki, ki yafe mini. Amma ki sani, da za a dawo da ranar, motar nan dai zan shiga.